Kifin Lemuel Gaskins

Duk wanda ya zauna a layinmu na gabashin Buffalo ya san Lemuel Gaskins. Motar 'yan makaranta ya tuƙa har ya yi ritaya, daga nan ya koma kamun kifi a tafkin Erie. Bai cika cin kifin ba, kamawa dai yake so. Abin da ya kamo sai ya jera a wata ƙatuwar firiza da ke falonsa na hawa na biyu, yana jiran ranar da zai gayyace mu suya. Mun tsufa muna jira.

Halinsa ɗaya: bai taɓa yarda akwai abin gaggawa a duniya ba. Da aka sayar da gidan da yake haya, sabon mai gidan, wani matashi mai suna Kosta Brennan, ya ce zai yi gyara, kowa ya tashi. Kowa ya tashi ban da Lemuel. Aka je kotu, alƙali ya sa rana, Lemuel ya dawo shagon aski yana gaya mana ai yaron nan barazana ce kawai.

Ranar da aka sa, kamun kifi ya tafi. Ya dawo da yamma da bokiti a hannu, ya tarar ma'aikatan kotu sun zo an canza makulli.

Yayarsa Vernell ce ta ɗauke shi. Ta girme shi, kuma ba ta taɓa bari ya manta ba.

"Ka ga aikin taurin kai ko? Ina maganin hawan jininka?"

"Yana ciki, Yaya."

"Haƙoranka na roba na zuwa coci fa?"

"Su ma."

Washegari ta tasa shi gaba zuwa ofishin da ke taimakon 'yan haya. Wata lauya ta ce musu ɗaki ya fita hannunsa, amma kaya nasa ne. Mai gida ba shi da ikon riƙewa ko zubarwa yadda ya ga dama, dole ya ba shi damar kwashewa. Vernell ta kira Kosta ta maimaita masa. Ya ce ya ji, amma yana da ayyuka, sai wani makon. Haushin wahalar kotu ne bai sake shi ba.

Abin da Kosta bai sani ba, ma'aikatansa sun kashe wutar benen gaba ɗaya don gyara. Watan Yuli ne kuwa, lokacin tsananin zafi a Buffalo.

Kafin mako ya ƙare masu fenti suka ajiye aiki saboda warin ruɓaɓɓen kifi. Matar gidan kusa ta kira 'yan sanda, wai wani ya rasu a sama. Sai ga Kosta da kansa a ƙofar Vernell, hula a hannu.

"Baba, don Allah yaushe za ka samu lokaci?"

Lemuel ya gyara zama. "To, yarona, ni ma ina da ayyuka."

"Wane aiki?" in ji Vernell. "Tashi ka sa takalmi."

Mu huɗu muka je da motar coci, kowa ya ɗaure hanci da tsumma. Kosta ya buɗe ƙofa ya ja baya. Lemuel ya wuce kai tsaye ya ɗauki maganinsa, da haƙoransa, da hoton marigayiya matarsa Odessa. Ya daɗe tsaye a tsakiyar falon yana kallon taga. Ba wanda ya ce masa ya yi sauri, har Vernell.

Da aka zo kan firiza, ya ce ya bar wa mai gida kyauta. Kosta ya ce ai lauya ta faɗa, kaya nasa ne. Ƙarshe Kosta ne ya kama gefe ɗaya, ni ɗaya, muka sauko da ita yana hawaye, ba na tausayi ba.

Yanzu Lemuel yana ɗakin bayan gidan Vernell, suna faɗa a kan tashar talabijin. Duk Asabar yana shagon aski, kuma duk wanda mai gida ya takura wa, wurinsa ake turo shi. Zai zaunar da kai ya yi maka bayanin haƙƙinka tiryan-tiryan, kamar shi ya ci shari'ar. In Vernell tana kusa, sai ya rage murya.