Lauwali Mai Kwantar da Babur

Da an idar da sallar Asuba, kafin mai shayi ya hura wuta, za ka ji ana jan akwatin ƙarfe a gindin tsamiyar da ke bakin hanyar Roni, can inda gidajen Kazaure suka ƙare. Malam Lauwali bakanike ne ya iso. Zai shimfiɗa buhu, ya jera sifanoni, ya zuba fetur a gwangwani don wanke fulogi, sannan ya zauna ya haɗe rai. Wanda duk ya fara turo masa babur, shi zai sha faɗan safe.

"Wannan baƙin man tun na ranar sunanka ne? Dubi sarƙa a bushe! Kai ka ci ka sha, ita ka bar ta da azumi?"

Haka zai yi ta masifa, hannunsa na aiki, har babur ya tashi. Amma yanzu yanar ido ta rufe masa gani, ƙusa in ta faɗi sai ya lalube ta, kuma ranar Asabar zai tattara kayansa ya koma ƙauyensu a ƙasar Babura. Babu wanda ya shirya masa taro. Babu wanda ya ɗinka masa ko 'yar shara. Garin da ke kiran makaɗa don an buɗe shagon sayar da taya, ya rasa bakin da zai ce wa wannan tsoho sannu. Abin da haushi, wallahi. Kuma yaran yanzu ba su ma san abin da ya fito da bakanike irin wannan daga tsakiyar gari ya jefo shi gindin bishiya ba.

Shekarar da aka sami 'yancin kai, facin keke Lauwali yake yi. Da babura suka fara shigowa ya koyi cikinsu, har Alhaji Maikasuwa, babban mai sayar da babur a bakin tasha, ya ba shi rumfar kwano a jikin shagonsa. Shi ke fasa akwatunan katako ya haɗa sababbi, kuma duk wanda ya saya, wurinsa zai dawo gyara. Rumfar nan ita ce gonarsa, ita ce tukunyar gidansa.

Sana'ar tana da wata al'ada da kowa ya sani, kowa ya yi shiru. Mai saye zai kira bakanike ya ce duba mini. Bakanike zai zagaya, ya murza totur, ya yaba wanda ya fi tsada. Da yamma mai shago ya damƙa masa la'ada. Mai saye yana ganin ya ɗauko ido, ashe idon na mai shago ne.

Sai ga kuɗin man fetur, sai ga ariyas ɗin Udoji, tarin ƙarin albashin da gwamnati ta biya ma'aikata. Gari ya haukace. Wanda jiya ko keke bai iya ba, yau babban babur yake so, ja, mai salansa biyu, kuma ba zai ɓare ledar kujera ba don a san sabo ne. Wani malamin firamare, Sama'ilu, ya ɗauki irinsa. Lauwali ya ce ya fi ƙarfinsa, aka ce hassada ce. Rairayin hanyar Babura ya kayar da shi da tsakar rana, babur ya danne masa ƙafa, salansa mai zafi ta kwanta a kan ƙwauri, ba kowa a dajin. Kafin masu jakuna su iso naman ya gama ƙonewa. A Kano aka yanke ƙafar. Shago kuwa ko rabin yini bai rufe ba.

Ba a daɗe ba, wata ranar kasuwa, wani dattijon Bafulatani ya shigo shagon da sanda a kafaɗa, wani dogon saurayi siriri na bin sa. Kawu Daudu ke nan daga rugar bayan Roni, da ɗan ƙanwarsa Halliru, wanda aka ɗauka aikin malamin dabbobi. Shi ne ɗan rugar na farko da ya sami aikin gwamnati. Kawu ya riga ya sayar da sa guda, ya bar karsanar uwar yaron a ɗaure a kara, kasuwar shanu, in kuɗi bai kai ba ita ma ta tafi.

Kawu ya zagaya babban jan babur kamar yadda yake zagaya dabba. Ya daki tanki da tafin hannu.

"Kai! Wannan yana da tozo. A tayar in ji kukansa."

Aka tayar, shago ya ɗauka. Kawu ya washe baki.

"Wannan shi ne bijimi. Shi ɗanmu zai hau. A kira mai duba musu lafiya."

Alhaji Maikasuwa ya leƙa rumfa da kansa, ya sunkuya kusa da kunnen Lauwali. "Ka yaba masa jan. Rabonka na nan. Kuma ban da irin surutunka na ranar nan, ka tuna a inuwar wa kake."

Lauwali ya goge hannu da tsumma ya shigo. Asalinsa Babarbare ne, don haka tsakaninsa da Bafulatani sai wasa, ko ba su taɓa haɗuwa ba.

"Ɗan Fulani, me ya fito da kai daga daji? Nono ya ƙare ne?"

"Na zo duba bayina ne. Maza duba mana wannan, bawa."

Lauwali bai ko kalli babur ɗin ba. Yaron ya kalla, daga wuya har ƙafa.

"Samari, ina za ka yi aikin?"

"Rugagen Gwiwa ne, Baba, da na bayan duwatsun Roni."

"Akwai kwalta?"

"Babu, Baba. Rairayi ne da kwari."

"Ka taɓa tuƙa babur?"

Halliru ya sunkuyar da kai. "Keke dai."

Lauwali ya kama kan jan babur, ya ture jak, ya tura shi waje. Alhaji yana murmushi, ya ɗauka zagayen gwaji za a yi. A ƙofar shagon akwai tarin yashi na gini. Nan Lauwali ya kai shi, ya kashe, ya kwantar da shi a gefe, da ledarsa da komai, a gaban 'yan kasuwa.

Aka yi salati. Alhaji ya fito da gudu, hularsa a hannu.

"Lauwali! Ka haukace? Sabo dal ka kwantar mini a ƙasa?"

"A yashi ne, Alhaji, ba abin da ya same shi." Ya juya. "Halliru, ɗaga shi. Kai kaɗai."

Yaron ya cire takalmi ya kama. Ya ja, jijiyoyin wuyansa suka fito, babur ya ɗan motsa ya koma. Ya sake kamawa ta kujera, ƙafafunsa suka nutse a yashi, ya zauna daɓas. 'Yan kallo suka fashe da dariya. Kawu ya jefar da sanda, ya tattare riga.

"Kauce! Yaran boko ba ƙashi. Kama can in kama nan."

Lauwali ya sa ƙafa ya taka tayar.

"A kwarin Gwiwa kai za ka bi shi a baya kana kama masa? Duk mai koyo sai ya faɗi, Daudu. Ba ko zai faɗi ba ne, yaushe ne. Ranar da ya faɗi, wannan zai kwanta masa a ƙafa da wuta a jikinsa, kuma daga shi sai Allah. Ku je gidan Sama'ilu ku tambaye shi ina ƙafarsa!"

"Ƙaddara ce!" in ji Alhaji. "Kai ne Allah?"

"Ni ba Allah ba ne, Alhaji. Amma ni nake karɓar su a bayan akori-kura, da jini a tanki, kai kana ciki kana shan fanka."

Lauwali ya koma kan Kawu.

"Kai da kake kiwo tun ba ka da wando, ranar da aka fara tura ka daji, bijimi aka ba ka?"

Kawu ya daɗe yana kallon yaron da ke zaune a yashi yana haki.

"Maruƙa aka ba ni," ya ce a hankali.

"To ga maraƙi can a lungu, ƙura ta rufe shi."

A ƙuryar shagon akwai wani ƙaramin babur da ya yi kwantai, don kowa cewa yake ba shi da kwarjini. Siriri ne, mai dogayen ƙafafu, tayoyinsa masu haƙora, marfin tayar gaba can sama inda laka ba za ta cushe shi ba, salansa a ɗage kusa da kujera da kariya a kanta. Yana bin kwalta, yana shiga daji, ba ya shan mai, kuɗinsa kuma bai kusa da na jan ba. Lauwali ya sa Halliru ya hau, tafin ƙafafunsa duka biyu suka zauna a ƙasa. Sannan ya kwantar da shi kusa da jan. Yaron ya sunkuya ya miƙar da shi kamar ya tayar da akuya.

Kawu ya yi tsaki. "Na gaya wa ruga duka bijimi za mu kawo. Yanzu in shiga da zalɓe?"

"Ka shiga da zalɓe da ɗa mai ƙafa biyu, ka kwance karsanar uwarsa ka mayar mata. Ko kuwa kunyar Fulanin ce za ta tura shi asibiti?"

Kawu ya ɗauki sandarsa ya kaɗe ta. "Bawan nan bakinsa ba linzami. Alhaji, ƙaramin za mu ɗauka."

Kafin la'asar yaran shago sun watso akwatin Lauwali kan titi. Alhaji ya sa kwaɗo a rumfar, ya kuma yi shela cewa duk wanda ya sayi babur a wurinsa ya kai wa Lauwali gyara, kada ya dawo neman kayan gyara. Dattawa suka ce ya je ya ba da haƙuri, ya ce kuskure ne, za a buɗe masa.

"In ce kuskure ne, gobe in yaba wa ɗan wani abin da zai kashe shi? Ya riƙe kwanonsa."

Ya ɗora akwati a ka ya nufi bayan gari. To, ina 'yan'uwansa kanikawa? Ko ɗaya bai raka shi ba. Washegari ma wani ya shige rumfar. Ina iyayen da suka yi salati a ƙofar shago? Sun koma gida suna cewa mutumin nan gaskiya ya faɗa, amma ya cika zafin kai. Daminar nan ruwa ya dake shi a gindin tsamiya, wata rana ya wuni bai taɓa ko keke ba. Matarsa Uwa ita ta riƙe gidan da ƙuli-ƙuli. Duk da haka kullum da yamma yana filin bayan tsamiyar da Halliru, yana koya masa sakin kuloci, da miƙewa tsaye in ya shiga rairayi, da barin birkin gaba in ya ga gangara, yana zaginsa kamar ɗan cikinsa. Ko kwabo bai karɓa ba.

A tsakiyar daminar ne ciwo ya faɗa wa shanu a wata ruga ta ƙasar Gwiwa. Halliru ya ɗaure akwatin allura a baya ya tafi. An yi ruwa can kan tudu, kwarin da zai tsallaka ya fara kawowa. Ya shiga, tayar gaba ta hau dutse, ya kife, babur a kan ƙafarsa, ruwa ya kai masa ƙirji yana ƙaruwa. Wasu mata masu tallan nono suna can gaɓa suna kururuwa, ba mai iya shiga. Su suka ba da labari: ya sa ɗaya ƙafar ya tunkuɗe babur ɗin, ya miƙe, ya kama kan babur ɗin ya ja shi har tudu. Ya zauna ya yi amai, ya kwance fulogi ya goge da rigarsa, ya tayar, ya wuce. Kafin su iso rugar da ƙoransu ruwan kwarin ya shanye tsayin mutum.

Ranar kasuwa Kawu Daudu ya zo tsamiya da ƙwaryar man shanu, ya ajiye, ya ƙi zama.

"Bawa, maraƙin nan naka ya yi."

"Na ji. Kai kuma har yanzu ba ka yi hankali ba, ka tsaya mini a kan sifana."

Daga nan mutanen rugage suka gano hanya. Malaman gona, masu duba gari, 'yan fataucin da ke shiga Nijar ta rairayi, duk wanda zai saya wa ɗansa babur na farko sai ya biyo ta tsamiya. Wasu sun ji, wasu sun zage shi sun tafi sun sayi son ransu. Rumfa dai ba ta dawo ba, kuma Lauwali bai yi arziki ba. Har gobe a gidan haya yake. Shagon bakin tasha kuwa ya zama bene, ana yi wa mai shi kiɗa a wurin biki. Wannan ita ce sakayyar da muka iya.

Kai ne, Lauwali, aka miƙo maka la'ada da inuwa, ka zaɓi rana. Kai ne ka kwantar da sabon babur a gaban mai shi don kada a kwantar da ɗan mutane a gadon asibiti. Na gindin tsamiya, mai faɗa da hannu a cikin aiki! Ba ka iya lallashi ba, ba ka iya gaisuwa mai daɗi ba, mun kuma fake da wannan muka ƙi gode maka. Mun gode, Baba. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiyar ido, ya saka wa Uwa da ta jure tare da kai.

Ku kuma kanikawan da kuka gaji sana'ar, in uba ya kamo hannunku ya ce duba mini, to idonsa ya ba ku aro, kada ku sayar da shi a bayansa. Iyaye, ku daina auna babur da girman sunan gidanku, ku auna shi da yaron da zai hau da hanyar da zai bi.

Motar Babura tana tashi da hantsi ranar Asabar. Duk wanda ya san ƙafafunsa biyu suna jikinsa yau saboda masifar tsohon nan, ya taka su ya zo tasha ya ɗaukar masa akwati.