Inna Lemuel, Na Huɗu a Layi

Duk wanda ya san Lemuel Gadsden da tsufansa, hannunsa na hagu ya fara sani. Yatsun a dunƙule suke, ba sa buɗuwa, ga tabo ya zagaye wuyan hannun kamar awarwaro. Shekara talatin yana sharar barga a garin San Angelo na Texas da hannu ɗaya, bai taɓa cewa ga yadda aka yi ba. Waɗanda suka yi soja tare da shi ne suka kasa yin shiru.

Cikin bauta aka haife shi a Carolina. Da aka 'yanta bayi ya shiga sojan doki na baƙar fata, aka jefa su yammacin Texas, inda mutum kan yi kwana biyu a kan sirdi tsakanin wannan ruwa da wancan. Kowace safiya sai a jeru a ƙirga: ɗaya, biyu, uku, huɗu, a sake daga ɗaya. In faɗa ya taso, ukun su dira su kwanta da bindigogi, na huɗu ya tsaya can baya a kan dokinsa riƙe da nasu, kowane doki a ɗaure da na kusa da shi, ƙarshen ragamar a hannunsa. Kowa na gudun huɗu, don ba a ba da labarin mai riƙon doki. Lemuel kuwa da gangan yake tsayawa inda huɗu za ta faɗo kansa. Shi dai bar shi da dawakai, yana ba su abinci yana yi musu gunagunin waƙar coci.

Cato Brice, na uku a layinsu, mutum ne da bakinsa ba ya hutawa, kuma shi ya raɗa masa suna.

"Inna Lemuel, kin shayar da yaran kuwa?" in ji Cato, bakinsa cike da wake. "Wannan bindigar taka fa gizo ya yi saƙa a ciki."

"Ci wakenka," in ji Lemuel. "Ranar da ka dawo a guje, ni za ka nema."

Doka ɗaya Saje Hosea Tull yake nanata wa masu riƙo: kada wanda ya kuskura ya naɗe ragama a hannu, domin doki uku in suka zabura da hannun za su tafi.

Ana tsakiyar rani suka bi sawun mayaƙan ƙabilar Apache har cikin wani kwazazzabo, sai wutar bindigogi ta tashi daga duwatsu. Aka dira. Su kuwa Apache ƙasar tasu ce, sun san ba sai ka harbi soja ba. Ka raba shi da dokinsa, rana da ƙishirwa su ƙarasa aikin. Mahaya shida suka ɓullo ta baya suna kaɗa barguna suna ihu, suka yo kan masu riƙo. Dawakai suka haukace. Mutum biyu a gefen Lemuel suka saki, doki shida suka yi daji.

Lemuel ya ji fatar ragamar tana zamewa cikin gumin tafinsa. Ya san dokar sarai. Ya naɗe ta a wuyan hannu sau uku.

Dawakan suka fizga gaba ɗaya, kafaɗarsa ta goce da ƙarar da na nesa ma ya ji. Bai yi ƙara ba. Abin da har yau ke ba mutane tsoro shi ne, bawan Allahn nan waƙarsa ta safe ya kama, a hankali, jini na bin gwiwar hannunsa. Dabbobin suka kafa kunne, suna rawar jiki, suka tsaya cak a tsakiyar harbi.

Saje ya ba da umarnin ja da baya. Na ɗaya da na biyu suka iso, suka kwance nasu, kowa ya goya wanda dokinsa ya gudu. Saura dokin Cato.

"Gadsden, sako shi a ba wani, mu fita daga nan," in ji Saje.

"Saje, mai shi bai zo ba."

"Ya mutu, ɗana."

"Ban ga gawa ba, Saje."

Aka fara ficewa, shi yana nan shi kaɗai a fili, harsashi na tayar da ƙura a gabansa. Can sai ga Cato yana jan ciki daga bayan dutse, cinyarsa a fashe. Ya ɗaga kai ya ga dokinsa daidai inda ya bar shi, sai ya fashe da kuka kamar yaro. Lemuel ya sunkuya ya ja shi da hannun dama har ya kama likafa.

Sai da suka kai ruwa aka sa wuƙa aka yanke ragamar, don ta nutse cikin nama, yatsun kuma sun ƙi saki. Washegari aka jeru ƙirga don a san wanda ya rage. Lemuel na kwance zazzaɓi ya rufe shi. Ɗaya ya amsa, biyu ya amsa. Cato, da mutum biyu ke tallafe da shi, ya ce uku. Aka zo kan huɗu, babu Lemuel a layi. Sai Cato ya cire hularsa, ya ce, "Huɗu, Saje. Yana nan."