Kifi Biyu a Ƙwaryar Nomau

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da aka kawo wa Mushe Idi kifi biyu a cikin ƙwarya, yana kwance ba lafiya. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, kun ɗauka wahalarsa ita ce rigima da masunta a kan raga. Wannan ai wasan yara ne. Masunci in ya zage ka yau, gobe da safe shi zai fara gaishe ka.

A lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a sashen kifi na ma'aikatar ruwa da gandun daji a Madarumfa, ban kai ga riƙe sashen ba. Aikinmu shi ne duba idon raga don kada a kwashe ƴaƴan kifi, da ba masunta izinin su, in damina ta cika tafkunan ƙauye kuma mu je mu zuba musu irin kifi. Kifin ado ba ya cikin aikinmu ko kaɗan. Shef, wato shugabanmu na ofis, shi ya tura ni gidan Mushe Idi, domin Mushe ne ya koyar da shi a lakwal, wato makarantar boko, kuma ba a ce wa shef a'a a kan malaminsa.

Mushe Idi tsohon daraktan lakwal ne da ya yi ritaya, Mushe kuwa haka muke kiran malamin boko. Shi da matarsa Hajiya Rabi suka rage a gida, yara duk sun kama gabansu. A falonsa yana da akwatin gilashi mai tsawon gaba guda, da ɗan injin iska da ke aiki da batirin hasken rana. Kifin ciki daga Kano aka sayo masa, asalinsu kuma daga tafkin Malawi. Dangin karfasarmu ne, sai dai su Allah ya yi musu launi. Mai sayarwa ya haɗa masa su ne bisa kyau kawai, kamar mai zaɓen atamfa, shi ya sa kafin in zo rabinsu sun mutu.

Ga wanda bai sani ba, karfasa da danginta masu son iyaka ne. Namiji yakan kama wuri ya ce nasa ne, duk wanda ya gifta ya kore shi. A tafki wanda aka kora sai ya ƙara gaba, amma a cikin gilashi babu gaba, bango ne. Saboda haka ba a haɗa su don launi. Ana duba girma, da zafin hali, da abin da suke ci, a sa namiji ɗaya da mata da yawa don kada ya matsa wa guda. Na tsame masu faɗa, na bar masa wasu rawaye masu sanyin hali da wasu shuɗɗa. Suka zauna lafiya shekaru, har suna haihuwa. Kowanne Mushe ya san shi, ya san ramin da yake kwana.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, sai ya sa aka dawo da gadonsa falo, daf da akwatin. Ba ya iya karatu, rediyo kuma yana sa masa ciwon kai. Kifin nan kaɗai yake kallo daga safe har yamma. Hajiya ta ce mini in ya ƙi cin abinci, sai ta jira lokacin da ake ba kifi nasu, ta miƙo masa koko, ya sha bai sani ba.

Wata ranar kasuwa ce a ƙarshen bazara, ina canza ruwa, aka yi sallama. Wani tsoho ne dogo, ƙafafunsa duk faso, riƙe da ƙwarya an rufe ta da faifai. Ya tsaya a bakin ƙofar falo, bai shigo ba. Nomau ke nan, wan Mushe Idi uwa ɗaya uba ɗaya, manomi daga wani ƙauye na wajen garin Sarkin Yamma.

Labarinsu ba ɓoyayye ba ne a gari. Gidansu masu bin addinin gargajiya ne. An kai Idi lakwal, ya musulunta, Nomau ya zauna a kan abin da ya tarar. Ranar auren Mushe, Nomau ya yanka akuya da hannunsa ya aiko da naman, Mushe ya mayar masa da shi a gaban mutane saboda ba yankan Musulmi ba ne. Daga baya ko ya zo gidan, kwanonsa daban, tabarmarsa daban a zaure. Da ya gaji sai ya daina zuwa. An fi shekara talatin a haka.

Nomau ya gaishe shi da jiki, ya ajiye ƙwaryar a ƙasa. Ya ce ya ji an ce ƙanensa na kiwon kifi don kallo, shi ne ya biya bakin tafki ya roƙi wani masunci ya zaɓar masa waɗanda suka fi kyau. Sai ya ƙara da cewa, “Wanga dai ba shi son yanka.”

Na ɗaga faifan. Ɗan jan kifin nan ne na ruwanmu mai ɗigo-ɗigo masu sheƙi a jiki, mace da namiji. Bai fi tsawon yatsa ba, kuma gaskiya ya fi duk na Kano kyau. Amma ba na jin akwai mafaɗaci irinsa a dangin. In sun tashi yin ƙwai sukan share kan dutse su zuba, sannan su biyun su tsare wurin, duk abin da ya motsa kusa su far masa.

Mushe ya ce, “Yaya, shigo mana.” Nomau ya ce ana jiransa a kasuwa. Ya yi masa fatan sauƙi, ya juya ya tafi, ko ƙwaryar bai ɗauka ba.

Na bari sai da ya yi nisa, na faɗa wa Mushe gaskiya: in aka sa waɗannan a ciki, nasa ba za su kai ƙarshen damina ba. Ya ce ya sani, ai ni na koya masa. Na ce to zan kawo wani ƙaramin akwati daga ofishinmu, a ajiye su a gefe. Ya ƙi. Na ce a kwashe nasa in riƙe masa su a wurina. Ya ƙi. Sai na kawo dabarar da kowa ke yi a wannan sana'a, wato a sa allon gilashi a tsakiya a raba akwatin biyu. Ruwa ɗaya, iska ɗaya, ba mai taɓa wani. Har ina jin daɗin kaina da na tuno da ita.

Mushe ya dube ni ya ce, “In ya dawo ya iske an raba nashi da nawa, mi za ni ce mishi? Cikin gidan ga na ware mashi kwano. Zuba su tare, Isufu.”

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Shekaru na yi ina lallaɓa kifin nan. Amma akwatinsa ne, wansa ne kuma. Na riƙe baƙin ƴan kwanaki a bokiti don in tabbata ba su da cuta, kamar yadda ƙa'ida ta ce, sannan na zuba su. Na tara duwatsu da fasassun tukwane a ciki don nasa su sami maɓoya. Wannan ya ja lokaci kaɗan, bai hana komai ba.

Da ruwan farko ya sauka, jajayen suka ƙara ja kamar barkono, suka share dutsen tsakiya. Rawayen suka fara maƙalewa a kusurwar sama, jela a yayyage, ba sa saukowa ko cin abinci. Duk zuwan da na yi sai na tsamo gawa. Mushe yana kwance yana gani, zai gaya mini wanne ne ya mutu tun kafin in duba. Hajiya ta tare ni a zaure tana hawaye, ta ce in kwashe jajayen yana barci in ce sun mutu. Na ce mata mutumin da ya san kifinsa ɗaya-ɗaya ba a yi masa wannan ƙarya.

Duk ranar kasuwa sai ya sa a yi masa wanka da wuri, a sa masa riga mai tsabta, a shimfiɗa tabarma a gaban gado, a cikin falo. Nomau bai zo ba. Na ce ya bari in hau babur in ɗauko shi. Ya ce in manomi ya ga mai kakin gandun daji a ƙofar gidansa sammaci zai ɗauka, kuma shi ba ya son wansa ya zo don an kira shi. Ya ce noma ne ya riƙe shi, da an gama noman farko zai zo.

Ana cikin haka shef ya tura mu zuba iri a tafkunan wajen Gabi. Likita ya ce jikin da sauran lokaci, shi ya sa na tafi hankali kwance. A can labarin rasuwarsa ya iske ni.

Na dawo ana zaman makoki. Nomau yana zaune can ƙarshen tabarmi, nesa da masu addu'a, shi kaɗai. Na gaishe shi, na ce ya zo ya ga wani abu. Da ƙyar ya yarda ya tako cikin falon. An ɗauke gadon. A cikin akwatin babu rawaya ko shuɗi ko ɗaya, sai jajayensa biyu, ƴaƴansu ƙanana birjik suna bin su.

Ya tambaye ni ina sauran. Na gaya masa duka: yadda nasa suka kashe su, da yadda Mushe ya sani tun ranar farko, da allon gilashin da ya hana a sa, da tabarmar da ake shimfiɗawa duk ranar kasuwa. Tsohon nan ya durƙusa a gaban akwatin, ya dafa ƙasa da hannu biyu.

Ya ce, “Kowace kasuwa ina zuwa garin ga. Har bakin layi nike kawowa in koma. Na ɗauka an zubar da su tun rannan, ban so in gani da idona.”

Na fita na bar shi, na tsaya a zaure ina ta kuka kamar ba babba ba.

Abin da na koya ke nan, ku riƙe. Wane kifi zai zauna da wane, wannan a wata guda za ku iya shi, kuma dole ku faɗa wa mai akwati gaskiya ko ba ya so. Amma in mutum ya ji gaskiyar, ya fahimta, ya ce duk da haka a zuba, kada ku yi saurin ce masa jahili ko mai taurin kai. Ku tsaya ku tambayi wanda ya kawo kifin, da abin da ke tsakaninsu. Mushe Idi ya ba da abin da ya fi so a ƙarshen ransa don ya ce wa wansa ya yi haƙuri, kuma saƙon bai isa ba sai bayan an rufe shi.