Raudatu da Rahotannin Safiya

A Minjibir ba kowa ya san aikin Raudatu ba. Maƙwabta dai sukan gan ta zaune a tsakar gidan mahaifinta, Malam Sama'ilu, da kwamfuta a kan cinya, tana aiki da wutar sola. A gabansa ta sauke Alƙur'ani kafin ta tafi birni karatun kwamfuta. Da ta gama, wani kamfani mai sayar wa manoma taki da iri ya ɗauke ta. Ta daɗe tana bin bas kullum, har ciwon ƙafa ya kama Malam, ta roƙa a bar ta ta riƙa aiki daga gida, aka amince.

Kamfanin na da manyan na'urori uku a Kano, waɗanda ake kira saba. Su ke tattara bayanai daga kowane sito, su haɗa rahoto, su aika wa ma'aikaci a lokacin da ya zaɓa: buhu nawa ya rage, wace ƙungiyar manoma ce za ta karɓa. A shekarar da aka damƙa mata kula da su, damina na faɗuwa rahotanni suka fara makara.

Luba, mai kula da siton Bagwai, ita ta fara kira. "Raudatu, manoma sun cika mini ƙofa. Ƙasa da danshi, kowa na son komawa gona, ni kuwa ban san na wa zan fitar ba."

"Ki ba su haƙuri, Yaya Luba. Ina dubawa."

Ta tarar kowa safiya ya zaɓa, kuma duk aikin a kan na'ura ɗaya yake sauka, biyu na zaune. Ta gyara tsarin yadda duk wadda ta fi sauƙin aiki ita za ta ɗauki rahoto na gaba. An samu sauƙi, amma cunkoson bai tafi ba.

Sai ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya, wasu a waya, wasu ta taka har inda suke, tana tambayar yaushe suke buɗe nasu. Wani ya ce sai ya dawo daga kasuwa. Wani ya manta ma ana aiko masa. Wasu suka ƙi sakin safiyar, ba ta yi musu gardama ba, ta sake komawa bayan kwana biyu. Rahoton da ya fi duka nauyi na shugaban kamfanin ne, Alhaji Iliyasu. Ta yi ta juya maganar a ranta kafin ta hau bas ta same shi.

"Alhaji, naka ne ke tare hanya. Yana taɓa kowane sito kafin ya fito."

Ya dube ta. "In na jira, na Bagwai zai fita da wuri?"

"Zai fita, in Allah ya yarda. Amma in aka buɗe siton Ungogo baɗi, ukun nan ba za su isa ba."

"Mayar da nawa bayan azahar. Ta huɗun kuma ki tuna mini da kaka."

Ta sa na masu sito a gaba, ta watsa sauran cikin yini, ta kuma bar wa kowace na'ura sarari don kada ɗaya ta tsaya aiki ya tsaya.

Cikin marka kuwa ɗaya ta mutu, ran da ta kai Malam asibiti. Saƙon mutuwar na'urar ya shigo wayarta tana riƙe da sandarsa a layin ganin likita. Ta duba, ta ga biyun sun kwashe aikin, na Bagwai har ya isa.

"Lafiya?" in ji Malam.

"Lafiya lau, Baba."

Ta mayar da wayar jaka. Sai da ta karɓo masa magani, ta kai shi gida ya ci abinci, sannan ta kira masu gyara.