Yadda Na Zaɓa wa 'Yata Jami'a

A shekarar da kogin Kaduna ya cika ya shiga gidajen da ke bakin gada ne 'yata ta ci jarrabawar shiga jami'a. Na riƙe shekarar ne saboda injunan ban-ruwa da aka riƙa kawowa rumfata a Sabon Tasha, duk laka ta toshe su, har na rasa inda zan sa ƙafa. Aikina ke nan, gyaran injin niƙa da na ban-ruwa, tun da aka rufe masaƙar da na yi ƙuruciyata ina gyaran injunanta.

Yarinyar a rumfar nan ta girma. Tun ba ta kai tsayin teburin aiki ba ta san lambar kowace sifana. Sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa nake ce mata Uwata, kuma ɗaki ɗaya suke kwana da tsohuwar a gidanmu na Narayi. Da ta ce karatun injiniya za ta yi, ɓangaren injuna, ba wanda ya yi mamaki a gida. Matan zumuntar cocinmu ne kawai suka tambayi uwarta ko guraben karatun nas sun ƙare ne.

Jami'a biyu ne makinta ya isa. Ɗaya tana kusa, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, ɗaya kuma tana wata jiha can gabas, wuni guda cur a mota. Ta kusa ɗin ce ta rubuta tun farko, amma an ba da mako biyu ga mai son canzawa. Ita dai ta kusa take so, don ta riƙa zuwa gida ƙarshen mako tana duba kakarta, wadda ƙafa ta fara hana ta fita. Uwarta ma haka take so. Sai dai dukansu suka ce tunda maganar inji ce, ni zan yanke.

Ta kawo mini takardun makarantun biyu. A lokacin ban fi wata biyar da shiga ajin yaƙi da jahilci na cocinmu ba, ina iya haɗa baƙaƙe amma kafin in kai ƙarshen layi na manta farkonsa. Ta karanta mini duka, ta fassara. Kowace takarda cewa take makarantarta ta fi. Na ce mata takarda ba ta da maiƙo a hannu, ni sai na je na ga ɗakin injunansu da idona.

Ta nesan na fara zuwa, don an yi dace wani mai sayen injin niƙa daga can ya ɗauke ni in kafa masa. Ranar Laraba na gama, na nemi makarantar, na roƙi mai kula da ɗakin ya bar ni in leƙa. Tun daga ƙofa na ji warin baƙin mai. Ɓarɓashin ƙarfe ya rufe ƙasa yana ƙara a ƙarƙashin takalmina. Na ɗora bayan hannu a jikin injin feƙe ƙarfe, na ji shi da ɗumi. Ɗalibai na ta gardama a kan wani gungumen ƙarfe da suka ɓata. Raina ya yi fari.

Ta kusan kuwa ban iya rufe rumfa a ranar aiki don ita ba, saboda masu injunan ban-ruwa sun tsare ni. Sai ranar Asabar na shiga mota. Na tarar da wani dattijo mai kula da wurin, ya buɗe mini da fara'a. Ɗakin ya fi wancan girma, injunan ma sun fi yawa. Amma kowane an lulluɓe shi da tamfol. Ƙasa tas, ko ƙwayar ɓarɓashi babu. Na ɗaga tamfol ɗaya na shafa, sanyi ƙalau, an goge shi yana sheƙi. Dattijon ya fara yi mini bayani, na yi masa godiya na fito, don a ganina na riga na ga abin da na zo gani.

Da na dawo muka zauna a tsakar gida bayan coci. Na ce musu wancan ɗakin ana aiki a cikinsa, wannan kuwa ajiye shi aka yi don baƙi su ɗauki hoto. Uwarta ta ce in ƙazanta ce ilimi, ai da tuni rumfata ta zama jami'a. Muka yi dariya. Yarinyar ba ta yi ba.

"Baba, ka tabbata?" in ji ta.

"Uwata, injin da ba ya ɗumi ba ya koyar da kowa."

Ta dubi ƙofar ɗakin kakarta, ta ce to. Washegari ta hau keke zuwa shagon kwamfuta ta canza.

Makarantar ba ta cuce ta ba, wannan dole in faɗa. Ta koyi aiki sosai. A shekararta ta huɗu aka turo su koyon aiki na wasu watanni, ta samu wani kamfani a nan Kaduna, muka ɗan gan ta a gida. A can ta haɗu da wata ɗaliba daga waccan jami'ar ta kusa. Kullum kafin a tashi sai ɗalibar ta goge injin da ta yi aiki a kai, ta share ƙasa, ko ba wanda ya sa ta. 'Yata ta tambaye ta dalili. Ta ce haka aka hore su a makarantarsu: ba a sallamar ɗalibi sai ya share wurinsa, ranar Juma'a kuma a shafa wa kowane inji mai a lulluɓe shi sai Litinin.

A rumfa ta ba ni labarin, tana riƙe mini wani bel ina ɗaurewa. Ba ta faɗa da zafi ba. Ta dai tambaye ni wace rana ce na je waccan jami'ar ta kusa. Na ce Asabar. Ta ce, "Ita wadda nake ciki fa?" Na ce Laraba. Ta gyaɗa kai, ta ce in ƙara jan bel ɗin, bai yi tauri ba.

Na daɗe ina juya abin a raina. A masaƙa kashi uku muke aiki, inji ba ya tsayawa ko ranar Lahadi, rumfata kuma ƙasa ce da ba ta taɓa sanin siminti ba. Ban taɓa ganin ɗakin injuna yana hutu ba a rayuwata, sai na ɗauka matacce ne. Dattijon nan ma na san abin da ya so ya gaya mini ke nan. Ni da mutane ke cewa na fi kowa haƙuri da inji, na kasa tsayawa minti biyu in saurari mutum.

Na roƙe ta gafara. Ta ce ba komai, ai ta sami abin da ta je nema. Yanzu tana aiki, kuma akwai injunan da nake kiranta a waya in tambaye ta.

Shekara biyar ta yi a jami'ar nan ta nesa. A ciki Kirsimeti uku ta yi tare da mu, biyu hanya ba ta da lafiya muka hana ta tasowa. Ba ta ga auren yayanta ba, ya faɗo cikin jarrabawa. Kakarta ta yi jinyar wata bakwai a shekara ta uku, sau ɗaya ta samu ta zo duba ta. Ranar da tsohuwar ta rasu muka kira ta, ta iso bayan an yi jana'iza da kwana biyu.