Kofi Biyu Da Suka Dawo Cike

Ranar Lahadin farko ta kowane wata, kafin mai gadi ya gama buɗe ƙofar majami'armu, Maman Kofuna ta iso da bahonta da tawul biyu a kafaɗa. Akwai ɗan ɗaki a bayan bagade, mai taga ɗaya da famfon da sai an lallaɓa shi yake kawo ruwa. A nan take wanke ƙananan kofunan jibin Ubangiji, ta ɗaga kowanne ta duba a hasken taga, sannan ta jera a tire. Shekara talatin da huɗu ta yi tana wannan aiki, kuma na tabbata rabin ikilisiya ba su san sunanta na ainihi ba.

Tana da tsarinta. Ba ta zuba ruwan inabi sai an fara waƙa. Sai ta tsaya bakin labule ta ƙirga masu karɓa, ta zuba daidai yawansu. Dattawa sun yi ta fama da ita ta riƙa ƙara ko goma ne saboda masu makara, ta ce idonta bai mutu ba, tana ganin shigowarsu. Mu dai mun ɗauka rowa ce. Ashe in kofi ya dawo cike, ta nan take gane akwai wanda ya zo sujada amma wani abu ya hana shi miƙa hannu. Shugabar zumuntar mata ta shaida mini cewa da haka Mama ta gano wata baiwar Allah da ke ganin zunubinta ya wuce gafara. Mako uku tana bin ta gida, ba wanda ya ji.

Ni ma ta kama ni, shi ya sa nake wannan rubutu.

Da mahaifiyarmu ta rasu a gidan yayana, a gaban jama'a na ce masa sakacinsa ne ya kashe ta. Tun maganar ba ta gama fita ba na san ƙarya ce. Shi ya yi jinyarta wata bakwai, ni kuwa sai ranar Asabar nake leƙowa da lemo a leda. Muka daina ko gaisuwa. Majami'a ɗaya, shi a bencin dama, ni a na hagu. In tire ya zo, sai in miƙa gaba. Ban san shi ma haka yake yi ba.

A wata na huɗu, bayan an tashi, Mama ta tare ni. "Ɗana, yatsuna sun ƙi yau. Zo ka taya ni wanki."

Na shiga, sai ga Yaya tsaye da tawul a hannu. Shi ma irin wayon da aka yi masa ke nan. Kafin in juya, ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa.

"Kai ka wanke, yayanka ya goge. Ɗari da ashirin ne, kada ku fasa mini ko ɗaya."

Haka kowane kofi ya riƙa fita daga hannuna yana shiga nasa, ba mai kallon wani. Can Yaya ya hango kofi biyu cike a kan taga.

"Mama, waɗannan fa?"

"Naku ne. Wata huɗu suna dawo mini, na gaji."

Na ce, "Mama, ni ban cancanta ba."

"To wa ya cancanta? Ni ko Fasto? Da sai masu tsabta ake ba wa, ai da ban taɓa wanke kofi ba. Yesu bai jira mun gyaru ba kafin ya je gicciye, ceton kyauta ne. Amma ka zo kana rera masa waƙa, ga ɗan'uwanka kana kau da kai, sujadar me ke nan?"

Na miƙa wa Yaya kofi na gaba, na kasa saki. "Yaya, ƙarya na yi maka. Kai ka riƙe Inna. Ka gafarta mini."

Ya karɓi kofin ya goge. Sannan ya ce, "Wata huɗu ina tambayar kaina ko gaskiya ka faɗa."

Sai a lokacin na san girman abin da na ɗora masa. Muka rungume juna muna kuka, manya da mu. Mama ta ce, "Ku yi kukanku, amma ku ajiye mini kofin tukuna."

Mama, ke ce ba ki taɓa hawa mumbari ba, amma a ɗakin wanki kika koya mini ma'anar alheri. Ke ce mai ƙirga mutane don kada ɗaya ya ɓace. Ba don ke ba, da har yanzu muna nan, ɗaya dama ɗaya hagu, 'ya'yanmu suna koyon gaba da juna a cikin ɗakin Allah.

Watan jiya gwiwoyi suka sa ta ajiye aiki. Da dattawa suka tambayi wa zai karɓa, ni da Yaya muka ɗaga hannu. A Lahadinmu ta farko Yaya ya yi ƙirge, saboda ya saba ganinta sai ya haɗa da Mama, alhali tana gida. Kofi ɗaya ya dawo cike. Muka rufe shi, mu da Fasto muka kai mata. Ta ɗaga shi a hasken taga, ta ce wanda ya goge wannan da sauransa. Sannan ta sha, hawaye na bin kumatunta.

Mun gode, Mama. Ubangiji ya ƙara miki lafiya, ya sāka miki. Ku kuma 'yan'uwa, ba sai an ba ku tire ba. Ranar Lahadi ku dubi bencinku da kyau, ku ga wa ya yi shiru, ku bi shi.