Katin Bulus

Bana shekara arba'in da ɗaya ke nan da rasuwar Bulus, abokin aikina a wani kamfanin jima da ke Challawa. Mutumin Filato ne, siriri, marar yawan magana. Duk hutu a kan keke yake zuwa garinsu, ta dajin Falgore. Ni da ko Na'ibawa na taka sai na yi haki, har yau ban ga mai ƙafa irin tasa ba.

Yanzu nakan ga a waya masu ratsa ƙasashe a keke, kowa da na'urar da ke nuna inda yake, dubban mutane na bin sa da ido. Ina jinjina musu. Da Bulus ya gani, na san abin da zai tambaya shi ne ko wa ke yi musu faci.

Burinsa ɗaya ne: ya tashi ranar Juma'a bayan an tashi aiki, ya je gida, ya dawo kafin jiniyar Litinin. Wata Juma'a ya ɗaura niyya, ya same ni.

"Malam Sani, in na makara ka buga mini kati."

"Kai dai ka dawo da ƙafafunka," na ce, muna dariya.

A lokacin kowa na bugawa ɗan'uwansa kati a bakin ƙofa, don wanda ya yi fashi korarsa ake yi. Litinin bai zo ba, na buga. Talata na buga. Laraba ma na buga, ina ganin rufin asiri nake yi masa. A ofis Bulus yana bakin aiki. A gida matarsa Saraya ta san ya kamo hanyar Kano tun Lahadi. Babu wanda ya fita nemansa.

Ranar Alhamis na yi niyyar faɗa wa foman ɗinmu gaskiya. Na zaro katin, sai na tarar an riga an buga shi. Na tambayi tsohon maigadinmu.

"Ai ya shigo tun ɗazu, yana tura keken," ya ce. "Na gaishe shi bai amsa ba. Ku dubo wajen randar ruwa, can ya nufa."

Babu kowa a wajen randar.

Daga baya muka ji makiyaya ne suka tsince shi a wani kwazazzabo cikin dajin, ƙafa a karye. Sun ce da sauran numfashinsa, ruwa kawai yake nema. Ranar Alhamis ɗin da hantsi ya cika.

Kamfanin ya rufe tuntuni, ciyawa ta cinye ƙofar. Nisan da Bulus ya ci ba a rubuta shi ko'ina ba, waɗanda suka shaida ma sun kusa ƙarewa. Abin da ya rage shi ne kwana ukun nan, kuma a wuyana suke. A wajen jana'iza Saraya ta tambaye ni me ya sa ba mu neme shi ba, na ce ban sani ba. Saraya, idan kina raye, ni ne na buga katin.